Ina Gas ɗin Mukayyif Yake Zuwa Idan Ya Tsere?

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shagon gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Jidda ya san wannan hucin, kamar na kumurci idan an taka masa wutsiya. Kawuna ya haura shekara talatin yana wannan sana'a a unguwar Hindawiyya, tun zamanin da firij da mukayyif ɗin mota suke shan tsohon firiyon, gas ɗin sanyaya wanda ake kira R-12. Wata la'asar ina zaune wajensa yaron shago ya kwance bututu, ragowar gas ya fito da huci. Na ce, "Kawu, wai shi wannan ina yake zuwa?" Bai ko ɗago kai ba, ya yi nuni sama da sukundireba, ya ce, "Iska ta ɗauka, ɗan nan. Ina kuwa zai je?"

Bai faɗi ƙarya ba. Sai dai iskar da ta ɗauka ba gantali take yi ba. Tana da manyan tituna, tana da lunguna, tana da ƙofa guda da kusan kowa sai ya bi ta. Kullum abin da muke ji shi ne gas iri kaza da iri kaza suna haddasa ɗumamar yanayi. Ba a cika juya zancen ba, a ce ita ma ɗumamar ta fara taɓa hanyoyin da waɗannan gas ɗin suke bi, ta gaggauta wata, ta ɗaga wata, ta toshe wata. Da gangan nake ta cewa gas ban ce iskoki ba, don kada a zaci zancen bori ya kawo mu.

Iskar da muke shaƙa, idan aka cire tururin ruwa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, sai agon da bai cika kashi ɗaya ba. Ɗan abin da ya rage, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, shi ne ake kira tsirarun gas. A ɗauka iska taron mutum miliyan ɗaya ce a filin Arfa. Kabon-dayoksaid zai zama mutum 420 da 'yan kai, alhali kafin zamanin masana'antu 280 ne. Gas ɗin mitan, irin wanda juji da tumbin shanu suke fitarwa, bai cika mutum biyu ba. Shi kuwa R-12 na Kawu, sai an tara mutum wajen biliyan biyu kafin a samu ɗaya. Amma waɗannan tsirarun su ne suke riƙe zafi, su suke tare hasken rana mai ƙona fata, su kuma suke sa mai ciwon fuka neman maganinsa da tsakar rana. Tunda ba su da yawa, inda suka taru da inda suka yi ƙaranci shi ne kome.

Sararin da ke kanmu bene ne. Hawan ƙasa, wanda masana suke kira tarofosfiya, shi ne gidan hadari da ƙura da ruwan sama. A nan iska tana ta juyawa kamar tafasasshen ruwa, domin ƙasa ce take da zafi, sama kuma sanyi. Rufin wannan hawa ba daidai yake ba ko'ina: a yankin tsakiyar duniya mai zafi yana kai kilomita 16 zuwa 18, a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu kuwa bai fi takwas ko tara ba. Jirgin da ya ɗauko alhazai daga Kano zuwa Jidda, duk tsayin da ya yi, a ƙarƙashin rufin nan yake. Hawa na biyu, sitiratosfiya, halinsa daban. Can ne ozon, wani nau'in oksijin da yake mana garkuwa daga haske mai ƙona fata, yake shan hasken rana yana ɗumama iska, sai ya zama mai ɗumi tana bisa mai sanyi, kamar man gyaɗa a kan ruwa. Babu tafasa, babu hadari. Abin da ya shiga can yakan daɗe.

A hawan ƙasa tafiya ba ta da wuya. Gas ɗin da ya tsere daga shagon Kawu zai iya zaga duniya daga yamma zuwa gabas cikin 'yan makonni. Cikin wata ɗaya zuwa biyu ya bazu a rabin duniya na arewa. Tsallakawa rabin kudu ne yake ɗaukar kusan shekara guda, saboda layin hadarin da ke tsakiyar duniya, wanda shi ne yake hawowa ya kawo damina ƙasar Hausa da Sudan, yana zama kamar shinge tsakanin iskar arewa da ta kudu. To wanda ba ya jure tafiya a hanya yake mutuwa. Akwai wani sinadari mai suna OH, wanda bai kai daƙiƙa guda a raye ba amma ake ta haihuwarsa daga hasken rana da tururin ruwa, shi ne sabulun sararin sama. Yana cinye kabon-monoksaid cikin wata biyu, mitan kuma cikin shekara goma ko kusa da haka. R-12 ne sabulun nan ba ya kama shi, ruwan sama ma ba ya wanke shi. Abin da ya sa aka so shi a firij ke nan, ba ya ci da wuta, ba ya haɗuwa da kome. Ba shi da makashi sai a hawa na biyu.

Yadda aka gano hanyar hawa can ɗin labari ne mai daɗi. Wani masani mai suna Alan Brewer ya riƙa auna laimar iska daga cikin jirgin sama a Ingila, sai ya tarar da zarar an wuce rufin hawan ƙasa iska ta bushe ƙarau, bushewar da sanyin saman Ingila bai isa ya jawo ba. A 1949 ya ce lalle wannan iska ta bi ta wani wuri mai tsananin sanyi da ya matse mata ruwa, kuma wuri guda ne yake da irin wannan sanyi: rufin hawan ƙasa a yankin tsakiyar duniya, inda ake samun digiri 80 ƙasa da sifili. Abin mamaki, wurin da ya fi ko'ina zafi a ƙasa shi ne samansa ya fi sanyi. Shi kuma Gordon Dobson na jami'ar Okusfod ya lura cewa ozon a saman yankin zafi ake ƙera shi, inda rana ta fi ƙarfi, amma ya fi taruwa can wajen ƙuryoyin duniya. Wato ana sana'anta kaya a wani gari, ana jibge su a wani. Da aka haɗa maganganun biyu sai hoton ya fito: iska tana hawa ta tsakiyar duniya, ta miƙa arewa da kudu, ta sauko a ƙasashen sanyi. Har yau da sunan mutanen biyu ake kiran wannan zagaye.

Tafiyar ta hawainiya ce. A ƙasan hawa na biyu iska ba ta yin kilomita guda a wata, dodon-koɗi ma ya fi ta sauri. Wadda ta bi doguwar hanya ta can ƙololuwa takan yi shekara huɗu zuwa biyar kafin ta sauko. Yawancin ƙwayoyin R-12 da suka shiga sukan bi gajeriyar hanya su dawo ƙasa lafiya lau, sai wanda ya yi nisa sosai ne hasken rana yake fasa shi, kulorin ɗin cikinsa ya kuɓuce ya shiga cin ozon, ƙwaya ɗaya tana lalata dubun dubata. Shi ya sa zagaye ɗaya 'yan shekaru ne, amma R-12 yake kai shekara ɗari, ɗan'uwansa R-11 kuma hamsin da 'yan kai.

Nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa. Kowa zai zaci zafin yankin tsakiya ne yake tura iska sama har can. Ba haka ba ne. Janta ake yi daga sama. Idan iska ta bugi manyan duwatsu irin Himalaya da Roki, ko ta ratsa inda tudu da teku suka bambanta a zafi, sai ta yi manyan igiyoyi masu faɗin dubban kilomita. Igiyoyin nan suna hawa sama har su kai inda ba za su iya wucewa ba, su fashe kamar yadda igiyar ruwa take fashewa a Kornish, bakin tekun Jidda. Duk fashewa tana ingiza iska wajen ƙuryar duniya, gurbin da ta bari kuma sai ya zuƙo wata daga ƙasa ta yankin tsakiya. Da na yi wa Kawu wannan bayani nan take ya gane, domin haka injinsa na zuƙe iska daga bututu yake aiki kafin ya ɗura sabon gas.

To me ɗumamar yanayi ta yi wa wannan injin? Abu biyu a lokaci guda. Kabon-dayoksaid yana ɗumama hawan ƙasa, amma a hawa na biyu sanyaya iska yake yi, domin can yana fitar da zafi zuwa sararin samaniya fiye da yadda yake karɓa. Hawan ƙasa ya kumbura, na sama ya tsuke. Awon da aka yi da balan-balan na hasashen yanayi ya nuna rufin hawan ƙasa a rabin duniya na arewa yana ɗagawa da mita 50 zuwa 60 duk shekara goma tun daga 1980, wani nazari na 2021 kuma ya ƙiyasta cewa kaurin hawa na biyu ya ragu da kimanin mita 400. Bayan haka, saman hawan ƙasa a yankin zafi ya fi ƙasan saurin ɗumama, saboda kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi kashi 7 cikin 100, tururin kuma idan ya zama girgije can sama yana sakin zafinsa. Wannan ya ƙarfafa kogin iska mai gudu da yake ratsa saman arewacin Saudiyya da hunturu, ya kuma ɗaga shi. Igiyoyin suka samu hanyar hawa fiye da da kafin su fashe. Kusan duk lissafin kwamfuta na yanayi sun haɗu a kan cewa zuƙowar tana ƙaruwa da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 duk shekara goma.

Kashi biyu kamar ba kome ba ne, amma a tara shi shekara hamsin. Alherin ciki shi ne ana kai su R-12 mahallakarsu da wuri, sararin sama ya yi saurin rabuwa da su. Haka ma naitiros-oksaid, wanda yawancin na ɗan Adam daga noma yake fitowa, musamman taki, kuma yake wuce shekara ɗari: awon tauraron ɗan Adam daga 2005 zuwa 2021 ya nuna tsawon rayuwarsa yana raguwa da kusan kashi 2 cikin 100 duk shekara goma. Sharrin ciki kuwa ya fi shafar mu. Iskar da ake zuƙowa daga ƙasa ba ta da ozon sosai, idan kuma ta yi sauri ba ta samun lokacin tara shi. Sai garkuwar ozon ta yi sirara a saman yankin zafi, ta yi kauri a saman Turai da Kanada. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ce ozon zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2040 a yawancin duniya, 2045 a ƙuryar arewa, 2066 a Antatika. Labari ne mai daɗi, amma rabon ba zai zo daidai ba. Layin da ya raba yankin zafi da na arewa da shi tsakanin Makka da Madina ya ratsa. Makka da Jidda suna ciki, haka Khartum, haka Kano.

Kada dai a ɗauka magana ta ƙare, domin awo bai bi lissafi sau da ƙafa ba. Ana gane shekarun iska ne da wata dabara. Akwai gas mai suna SF6 da ake sa wa manyan na'urorin wutar lantarki, wanda yawansa yake ƙaruwa kowace shekara. Idan aka ɗebo iska daga kilomita 30 aka ga SF6 ɗin cikinta daidai yake da na ƙasa shekara huɗu da suka wuce, an san shekara huɗu ke nan da barinta gida. Kamar dai tsofaffinmu na Makka ne: wanda ka ji har yau yana lissafi da fam da sule, ka san ya baro Najeriya kafin naira ta fito a 1973. To a 2009 Andreas Engel da abokan aikinsa a Jamus suka tattara irin wannan awo na shekara talatin, daga 1975 zuwa 2005, ba su ga iskar can sama ta rabin arewa ta ƙara ƙuruciya ba. Awon da ya biyo baya ya fi nuna saurin a ƙasa-ƙasan hawa na biyu, a gajeriyar hanya. Sannan Lorenzo Polvani da wasu suka nuna cewa babban kaso na saurin da aka samu a ƙarshen ƙarni na 20 su kansu su R-12 ne suka jawo shi, ta hanyar ramin ozon da suka haƙa a Antatika. Yanzu da yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta hana su, wannan turin yana ja da baya, na kabon-dayoksaid yana ƙaruwa. A ganina wanda ya ce maka an gama sanin wanda zai rinjaya a kowane tsayi ya yi gaggawa.

Mu mazauna wannan yanki akwai wata hanya da ta fi kusa da mu. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin daminar Indiya, manyan gizagizai suna kwasar hayaƙin Indiya da Sin su cilla shi kilomita 12 zuwa 18. Can sai ya faɗa cikin wani ƙaton kewayen iska da yake juyawa daga gabashin Asiya har saman ƙasashen Larabawa, ya tsare shi kamar garke a shinge, daga nan wani kaso ya zarce hawa na biyu. An ga aikin wannan kewaye a fili a watan Yunin 2011, lokacin da dutsen Nabro na Iritiriya, nan tsallaken Bahar Maliya, ya yi aman wuta ya fitar da gas ɗin farar wuta fiye da tan miliyan ɗaya. Taurarin ɗan Adam sun bi sawunsa ya nufi gabas ya shiga kewayen, har masana suka yi ta jayayya a kan ko daminar ce ta ƙarasa da shi sama ko dutsen ne da ƙarfin kansa.

Abin da ya hau a gabas kuma dole wani ya sauko a yamma. Iska tana gangarowa a hankali a kan gabashin Bahar Rum da Masar da arewacin yankin Larabawa duk tsawon bazara, tana danne hadari. Ruwan da ake tafkawa a Mumbai yana da hannu a busasshiyar samaniyar Tabuka a arewacin Saudiyya. A wannan gangarowa rufin hawan ƙasa yakan naɗe kamar gefen tabarma, harshen iskar hawa na biyu mai cike da ozon ya zuro ƙasa. Gabas ta Tsakiya tana cikin wuraren da aka fi samun wannan naɗewa da bazara, kuma tun 2001 aka bayyana cewa ozon yana taruwa a tsakiyar sararin yankin fiye da maƙwabtansa. Ozon a can sama garkuwa ne, a hancin mutum kuwa guba ne, yana ƙona huhu yana ƙona ganyen shuka. Idan zagayen sama ya ƙara sauri ya jibge ozon a gefen yankin zafi, lissafi yana nuna wanda zai zubo mana zai ƙaru.

Ga kuma namu na gida. Hayaƙin mota da na jiragen ruwa da na matatun mai, idan rana ta dafa su, ozon suke haifarwa, zafi kuma yana gaggauta dahuwar. Har teku tana ba da nata gudummawar: masu bincike na cibiyar Max Planck da suka ratsa Bahar Maliya a jirgin ruwa a 2017 sun tarar da gas ɗin itan da furofen suna tasowa daga ƙarƙashin ruwan arewacinta, ninkin-ba-ninkin abin da aka zata. A ranakun da zafi ya kafe, iskar da ke saukowa daga sama takan zama murfin tukunya, abin da gari ya fitar ya tsaya a kansa. Irin ranakun nan ne suke yawaita. Ba wanda ya manta Hajjin 2024, da awo ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma kuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301. Zafi aka ambata, kuma shi ne babban dalili, amma rana irin wannan ita ce kuma ranar da iska ta fi nauyi a ƙirji.

Sanin hanyoyin nan har a kama mai laifi yana da amfani. A 2018 Stephen Montzka na hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ya bayyana cewa tun bayan 2012 raguwar R-11 a iska ta yi sanyi da kusan rabi, alhali an daina ƙera shi a hukumance tun 2010. Kafin a nuna kowa da yatsa sai da aka zauna aka tantance nawa ne daga sauyin tafiyar iska, nawa ne daga sabon hayaƙi, domin idan zagayen sama ya yi jinkiri na 'yan shekaru, gas zai yi kamar ya ƙaru ko da ba wanda ya saki kome. A 2019 tashoshin awo na Koriya ta Kudu da Japan suka nuna babban kaso daga gabashin Sin yake fitowa, inda ake amfani da shi wajen yin soson rufe zafi. Bayan an matsa, hayaƙin ya ragu.

Shagon Kawu yanzu ba R-12. Akwai R-22, wanda shi ma ake janyewa zuwa 2030, da su R-410A da R-134a waɗanda ba sa taɓa ozon amma kilo ɗayansu yana riƙe zafin da ya ninka na kabon-dayoksaid sau dubu ɗaya da ɗari huɗu zuwa dubu biyu. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montiriyal a Kigali a 2016 ya sa Saudiyya cikin rukunin ƙasashe masu tsananin zafi, tare da Indiya da Pakistan da Iraƙi da Iran da sauran ƙasashen Tekun Fasha, waɗanda aka ɗaga wa ƙafa sai 2028 za su tsayar da ƙaruwar amfani da su. Ban ga laifin ɗaga ƙafar ba. A garin da mukayyif yake cin fiye da rabin wutar gida, ba kayan alatu ba ne.

Da na koma shagon na ɗauki biro na yi masa lissafi a bayan kwalin kwamfireso. Na ce R-12 ɗin da ya tsere masa a 1995, kusan kashi uku cikin huɗu yana nan yana yawo, ya je Antatika ya dawo, wani ya hau sama ya sauko ba sau ɗaya ba. Ya karɓi kwalin ya duba, ya yi shiru. Can ya ce, "Ashe yana nan. Da na san ba ya lalacewa ai da na adana abina, yanzu ko da kuɗinka ba ka samunsa a kasuwa." Sannan ya ƙwala wa yaron kira ya kawo silindar kwashe gas kafin a kwance mukayyif na gaba.